Hannu ya tsattsage da hunturu: laifin sanitaiza ne ko na sabulu?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ke damuna, na kuma san ba ni kaɗai ba ce. A ɗakin jarirai nake aiki a nan cikin Kano. Tun da hunturun nan ya kankama bayan hannuna ya bushe ya yi furu-furu, tsakanin yatsu duk ya tsattsage. Shekaranjiya da dare na matsa sanitaiza zan sa wa wani jariri kanula, 'yar robar nan da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, wallahi sai da na yi ƙwalla don raɗaɗi. Abin da nake jin nauyin faɗa shi ne, kwana uku ke nan ina kauce wa kwalbar. In da ruwa in je famfo in wanke da sabulu, in babu in zura safar hannu in ci gaba. Na san ba daidai ba ne. Yawancin yaran nan bakwaini ne, wani bai kai kilo biyu ba. Don Allah masu sani, akwai wata iri da ba ta cin hannu? Ko kuwa in haƙura da ita har sanyi ya wuce?

Ummi ɗaliba:
Wa alaikumus salam Anti. Kamar kin shiga zuciyata. Mu ma da muke sanin makamar aiki a ɗakin haihuwa haka hannuwanmu suka koma kamar na masu dakan taro. Wata a ajinmu ta sayo wadda aka rubuta babu alkohol a ciki, ta ce ko kaɗan ba ta zafi. Ni ma ita nake shirin saya.

Famasis Auwalu:
Ummi ƙanwata, riƙe kuɗinki tukuna. Wadda babu alkohol a cikinta ba ta zafi, gaskiya ne, amma ba ita aka amince a dogara da ita a gadon marar lafiya ba. Wadda ake nufi idan an ce sanitaizar asibiti ita ce mai alkohol tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin 100.

Maman Sadik, Allah ya sawwaƙe. Kafin in ce komai, da wane sabulu kike wankewa a ɗakin naku, kuma sau nawa a aikin dare guda?

Maman Sadik:
Malam Auwalu, sabulun ruwan da ake ba mu ya ƙare tun watan jiya. Omo muke jiƙawa a gorar ruwa mu huda murfin. Sau nawa kuwa ban taɓa ƙirgawa ba, amma ya fi talatin.

Famasis Auwalu:
To ga ɓarawonki nan. Omo an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufa, kuma fatar mutum tana da wani ɗan maiƙo nata da ke riƙe danshi. Duk wanki ɗaya sai omo ya kwashe shi ruwa ya tafi da shi, ki fito iskar hunturu ta busar da abin da ya rage. Sau talatin a dare, ko fatar kirgi ce sai ta dare. Ita sanitaiza ba a ɗauraye ta, saboda haka maiƙon yana nan inda yake, kuma mai kyau tana ɗauke da giliserin mai tausasa fata. Raɗaɗin da kike ji kamar na lemon tsami ne a kan yanka: wuƙa ce ta yi yankan, lemon ya sanar da ke ne kawai. Matsalar ita ce da mutum ya ji zafin sai ya gudu ya koma ga sabulu, sabulun ya ƙara tsaga hannun, gobe zafin ya fi na yau. Cikin wannan kewayen kike yanzu.

Hajiya Metiron:
Auwalu, na ji bayaninka, amma ni tsohuwar ma'aikaciya ce, shekara 35 na yi kafin in ajiye aiki. Zuciyata ba ta kwanta da abin da za a shafa a bar shi a hannu ba. Dattin ina ya tafi? Mu abin da muka sani, abin da ruwa bai bi ta kansa ba bai wanku ba. Yaran yanzu ina ganinsu idan na je dubiya, ɗan ɗigo a tafin hannu, a murza sau biyu, a goge a jikin riga, an gama.

Dakta Nura:
Ranki ya daɗe, wannan na ƙarshen da kika faɗa gaskiya ne ƙwarai, kuma laifinmu ne. Wanda ya ɗiga ya goge a riga bai yi komai ba. Ana so a cika tafin hannu, a murza ciki da baya, tsakanin yatsu, babban yatsa da kan farce, hannun ya zauna a jiƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe da kansa. In ya bushe cikin daƙiƙa goma, abin da aka zuba ya yi kaɗan.

Amma batun ina dattin ya tafi, aikin biyun daban ne. Sabulu yana ɓamɓare ƙwayoyin cuta ruwa ya tafi da su, alkohol kuwa kashe su yake yi a inda suke. Idan hannu babu dattin da ido ke gani, alkohol ya fi sabulu rage su, ya kuma fi sauri. Wankin sabulu na ƙa'ida daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, ban da tafiya famfo da dawowa da neman abin tsane hannu. Nas ɗaya da jarirai goma sha biyar, kowanne sai ta tsabtace hannu kafin ta taɓa shi da bayan ta taɓa shi, in duk a famfo za ta yi, rabin darenta a bakin famfo zai ƙare. Shi ya sa a aikace ba a yi.

A asibitin jami'ar Janeba ta ƙasar Siwizalan, Farfesa Didier Pittet da abokan aikinsa sun raba wa ma'aikata 'yan kwalabe na aljihu, suka bi diddigi daga 1994 zuwa 1997. Kiyaye tsabtar hannu ya tashi daga kashi 48 zuwa 66 cikin 100, cututtukan da ake ɗauka a cikin asibitin suka sauka daga kusan kashi 17 zuwa kusan 10. Wannan aiki yana cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina ƙa'idojinta na 2009 a kai, har da lokutan nan biyar na tsabtace hannu da ke manne a bangon ɗakunanmu.

Hajiya Metiron:
To Dakta, na karɓi wannan. Kuma don Allah kar a ɗauka ina cewa zamaninmu ya fi. Na tuna kwanon silba da ake ajiyewa a kan ƙarfe a tsakiyar ɗaki, ruwa da ɗan Dettol a ciki, da tawul ɗaya a rataye. Babban likita ya tsoma hannu, ƙananan likitoci su tsoma, mu tsoma, duk mu goge da tawul ɗin nan daga safe har azahar. A lokacin gani muke mun kai ƙarshen tsabta. Yanzu in na tuna matan da suka yi zazzaɓi bayan haihuwa a hannunmu sai jikina ya yi sanyi. Allah ya yafe mana abin da ba mu sani ba.

Dakta Nura:
Amin Hajiya. Kuma a ɗakin haihuwa aka fara gano wannan magana. A 1847 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita Ignaz Semmelweis ya lura matan da ɗaliban likita ke karɓar haihuwarsu sun fi mutuwa da zazzaɓi a kan waɗanda ungozomomi ke karɓa, domin ɗaliban daga ɗakin gawa suke fitowa. Ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar ta faɗi warwas. Ma'aikatansa sun ƙi jinin abin, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne yana cin hannu. Kukan Maman Sadik ya daɗe a duniya.

Malam Sani na lab:
Ina so in ja birki kaɗan, kar ɗalibai irin su Ummi su tashi da cewa an sallami sabulu. Akwai inda sanitaiza ba ta isa ba. In jini ko kashi ko ruwan naƙuda ya taɓa hannu, ko hannun ya yi dattin da ake gani, sai ruwa da sabulu. Bayan fitowa daga banɗaki, ruwa da sabulu. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai sa gudawa ga wanda ya daɗe yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana shiga wani ƙoƙo mai tauri da alkohol ba ya fasawa, sai dai a wanke ta ta bi ruwa. Haka wasu ƙwayoyin amai da gudawa na yara, alkohol ba ya cin su sosai. Saboda haka ɗakin masu gudawa dole a sami ruwa, ko da bokiti mai famfo ne da mai garuwa zai cika.

Amma irin su korona, Lassa, Ebola, ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau, duk suna da rigar maiƙo da alkohol ke narkarwa nan take. Ba mu manta Janairun 2020 ba, lokacin da Lassa ta ɗauke mana likitoci a garin nan. Allah ya ji ƙansu.

Abu na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Duk wannan magana a kan sanitaiza ta gaskiya ake yi. Bara an kawo mana wata jarka, na ji warinta ya yi sanyi, na ari ma'aunin alkohol na tsoma, bai kai kashi 50 cikin 100 ba. Ko an sirka da ruwa a hanya, ko an bar murfi a buɗe cikin zafin Afrilu ya tsere, Allah masani. Wata biyu ma'aikata suna shafa wannan suna ganin sun tsira.

Abban Khalifa:
Salamu alaikum. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ƙanina ne ya sa ni a zauren nan lokacin da nake jinyar mahaifinmu. Ku yi haƙuri da tambayata. Wannan alkohol ɗin ba shi ne na giya ba? Na ga masu jinya da yawa suna ƙin taɓa kwalbar da ke bakin ƙofa, wai najasa ce, sai ka sake wanke hannu kafin salla. Ni kaina na yi ta kokwanto.

Ustaz Kabiru, nas:
Wa alaikumus salam Abban Khalifa, tambayarka a kan hanya take, kuma ko cikin ma'aikata akwai masu wannan kokwanto ba sa faɗa. Iri biyu ake amfani da su. Akwai aisofurofil, wanda ba abin sha ba ne sam, guba ne. Akwai itanol, shi ne sinadarin da ke cikin giya, amma wanda ke cikin sanitaiza ba don sha aka yi shi ba, an kuma gauraya shi da abin da ba ya shayuwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a watan Janairun 2002 kan magunguna masu alkohol, ta halatta amfani da shi a bayan fata don tsabtace rauni da kashe ƙwayoyin cuta. Duk wanda ya je Hajji ko Umara ya shiga asibiti a Makka ko Madina ya ga kwalaben a bango. Kuma cikin rabin minti ya bushe ya bi iska. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ai alwala zai yi kafin salla, ya wanke hannu a nan. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka taɓa raunin wani da hannun da ka san bai tsarkaka daga cuta ba, wannan cutarwa ce, kuma an hana mu ita.

Abban Khalifa:
Allah ya saka da alheri Ustaz. Zan isar wa 'yan gidanmu.

Anti Hauwa ta tiyata:
Mu dawo kan hannun Maman Sadik, don har yanzu ba a ba ta magani ba. 'Yar uwa, ni na sha wannan wahala shekara biyu a jere, ga abin da ya fisshe ni.

Ki daina haɗa biyun. Da na kan wanke da sabulu, hannu da ɗan danshi in ƙara sanitaiza a kai, wai don in tabbatar. Wannan shi ya fi komai cin fata, kuma ruwan yana sirka alkohol ɗin. Ɗaya za ki zaɓa gwargwadon hali. Kar ki zura safa sai hannu ya bushe ƙayau, in ba haka ba gumi da danshi su jiƙa fatar ta yi laushi ta saɓule. In kin wanke, ki dinga dannawa da abin tsanewa, ban da gurzawa. Ruwan zafi kuma da muke so da asuba saboda sanyi, yana ƙara kwashe maiƙon, mai ɗumi-ɗumi ya isa.

Inda ya tsage ki rufe da filasta marar shan ruwa kafin ki fara aiki. Zafin sanitaizar zai ragu sosai, cikin 'yan kwanaki in kin bar omo zai tafi.

Sai mai. Da dare in za ki kwanta ki lafta basilin ko man kaɗanya, har ki sa safar auduga in kina da ita. Bayan alwalar asuba da ta isha ki shafa tun hannun bai gama bushewa ba. Amma ban da wurin aiki. Basilin da duk wani mai mai maiƙo yana cin safar roba ta lateks, ya sa ta yi rauni ta huje ba ki sani ba. A wurin aiki sai kirim marar maiƙo, irin wanda fata ke shanyewa.

Ummi ɗaliba:
Anti Hauwa, wallahi basilin nake shafawa kafin in sa safa kullum, don ta shiga da sauƙi. Na gode da kika faɗa. To lalle fa? Bikin yayata saura sati biyu.

Anti Hauwa ta tiyata:
Jan lalle na gargajiya rini ne kawai, ba ya hana sanitaiza aiki. Baƙin nan da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi shi ne abin tsoro, na ga wadda hannunta ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa daidai zanen furen, ta yi sati uku ba ta shiga tiyata ba. Farcen roba da dogon farce da zobba kuwa ki bar su a gidan biki, ƙarƙashinsu ne maɓoyar cuta.

Dakta Nura:
Ƙari a kan na Anti Hauwa. Ba kowane ciwon hannu ne bushewa ba. In akwai ƙaiƙayi mai tsanani, ƙananan ƙuraje masu ruwa, ko jan ya tsaya daidai inda safa ta tsaya a wuyan hannu, wataƙila jiki ne ba ya son robar safar, ko hodar cikinta, ko turaren da aka zuba a sanitaizar, ko kulohekzidin na wankin tiyata. Alkohol kansa da wuya jiki ya ƙi shi. Irin wannan sai a ga likitan fata, a canza zuwa safar naitiril, wata irin roba ce daban, marar hoda. Don Allah kar a je kemis a sayi 'yan tub ɗin nan masu sitiroyid da ake haɗa man bilicin da su a yi ta shafawa, suna sa fata ta yi siriri.

Maman Sadik, maganar safa ba tare da tsabtace hannu ba, na san kin sani, amma saboda ɗalibai: da hannunki kike ɗauko ta daga kwali, abin da ke hannun ya hau bayanta. Kuma fatar da ta tsage ta fi lafiyayya tara ƙwayoyin cuta, musamman mai sa maruru, wadda in ta shiga jinin bakwaini ta kanula ba ta da sauƙi. Ni a ganina hannun nas da ya tsage matsalar asibiti ce, ya kamata mai kula da ɗaki ta sani kamar yadda za ta san iskar oksijin ta ƙare.

Sista Larai:
Duk na ji, amma ku faɗi gaskiya, wa zai saya? Mu a ƙaramin asibitinmu na bayan gari rabonmu da sanitaiza daga ofis tun bayan korona. Da kuɗina nake sayen 'yar ƙaramar kwalba, in ta ƙare shi ke nan. Ruwa ma sai mun haɗa kuɗin mai garuwa. Kirim marar maiƙo da safar naitiril, wannan zancen manyan asibitoci ne irin su na Malam Aminu Kano da Nasarawa da Dala.

Famasis Auwalu:
Sista Larai, ba ki faɗi ƙarya ba. Amma ita sanitaizar ba sai an sayo ta kanti ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da yadda sashen magani na asibiti zai haɗa da kansa. Don lita 10: itanol mai ƙarfin kashi 96, mililita 8,333; haidurojin na wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3, mililita 417, giliserin mililita 145, a cike da tataccen ruwa ko tafasasshe da ya huce. Zai ba ka alkohol kashi 80. In aisofurofil ne mai ƙarfin kashi 99.8, mililita 7,515 ake sawa, ya ba da kashi 75. A zuba a kwalabe a rufe, a bar su awa 72 kafin a fara amfani. Haidurojin ɗin ba don hannu aka sa shi ba, don ya kashe abin da ke cikin kwalbar ne da kayan haɗin. Babu turare, babu kala, shi ya sa ma ta fi yawancin na kasuwa sauƙi a fata. Da asibitoci biyar na ƙaramar hukuma za su haɗa kai famasis ɗaya ya dinga haɗa musu, kuɗin zai sauko ƙwarai.

Sista Larai:
To ba sai in sayi sifirit a kemis in zuba giliserin da kaina ba?

Famasis Auwalu:
A'a, don Allah kar ki yi. Sifirit na kemis an sirka shi da mitanol, kuma ba ki san ko nawa ne a ciki ba. Mitanol guba ne, yana makantarwa, yana kisa in yaro ya kurɓa, kuma shafa shi sau da yawa kullum ba abin yi ba ne. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yi ta janye sanitaizoji daga kasuwa saboda shi. Kuma ba tare da ma'auni ba ba za ki san ƙarfin abin da kika haɗa ba. In ya yi ƙasa ba ya kisa, in kuma tsantsa ne babu ruwa shi ma aikinsa yana raguwa, don sai da ɗan ruwa yake fasa ƙwayar cutar, ga saurin bushewa. In saya za ki yi, ki je wurin dillalan magani masu rajista irin na kasuwar Dangwauro, ki duba lambar NAFDAC da adadin alkohol da ranar lalacewa a jikin kwalbar. A ajiye nesa da rana da wuta, don tana kamawa. Kuma in kwalba ta yi rabi kar a ƙara sabuwa a kai, a bari ta ƙare a wanke ta bushe.

Malam Sani na lab:
Auwalu, haɗin nan naku ina da ƙorafi ɗaya a kansa. Da zafi yana danƙo, in ka shafa sau biyar sai ka ji hannu kamar ka taɓa alewa, ƙura ta manne. Shi ma yana sa mutane su guje shi.

Famasis Auwalu:
Giliserin ne, kuma ƙorafin ya kai ga masu binciken. Akwai gyararren haɗi da aka rage shi zuwa rabi, musamman don masu shiga tiyata. Ni da za a bar ni, da hunturu in bar shi cikakke, da bazara in rage. In danƙon ya taru kuma, nan ne wurin wanki ɗaya da sabulu mai laushi.

Maman Sadik:
Salam 'yan uwa, na dawo bayan kwana shida. Na bar omo, na sayi sabulun jarirai na ajiye a aljihu don lokacin da wanki ya zama dole. Filasta a wuri uku, man kaɗanya da dare. Kwana biyun farko sanitaizar ta ci gaba da zafi, na daure, yanzu sai a babban yatsa kawai nake ji. Na kuma nuna wa mai kula da ɗakinmu hannuna da na sauran mutum huɗu, ta rubuta takarda a kawo sabulun ruwa, muna jira.

Amma akwai wadda ta fi ni. Iya mai goge mana ɗaki da hannu tsirara take matse tsumma a ruwan Hypo, tafin hannunta har jini yake yi, kuma ita ke taya mu ɗaga jarirai in aiki ya yi yawa. Na ba ta safar da muke sawa, ta yage kafin ta gama ɗaki ɗaya.

Hajiya Metiron:
Ba irin taku za ta sa ba 'yata, mai kauri ce ta masu wanke-wanke, mai kaiwa gwiwar hannu. Akwai su a Sabon Gari. Ki tambayi Iya lambar da za ta shige ta, ki kuma duba yadda take sirka ruwan, na san su, zubawa suke yi da ido har sai ya hau kai. Ina da man kaɗanya mai kyau da aka kawo mini, ranar Asabar jikana zai shigo gari, zan ba shi gwangwani biyu, ɗaya naki ɗaya nata. Ki turo mini kwatancen inda zai same ki.